Kumburin ciki da ƙwarnafi: amsa ga wani tela a Tawa

Wani bawan Allah mai shekara 43, tela a kasuwar Tawa, ya aiko mini da wannan tambaya: "Lokotoro, shekara biyu ke nan cikina ba ya mini daɗi. Da na ci abinci sai ya kumbura kamar ganga, gyatsa mai tsami ta yi ta taso mini, da dare kuma ƙirjina ya ɗauki zafi. Bayan gida sai in yi kwana uku ban je ba, in na je ma sai da nishi. An ce mini basir ne, na sha jiƙe-jiƙe har na gaji. Na bar wake, na bar nono, na bar barkono, ba abin da ya sauya, ga rama ta fara kama ni. Da safe shayi da burodi ne, da rana in sayi shinkafa ko taliya in ci a kan keken ɗinki, da dare in ci tuwo in ƙoshi in kwanta. Me zan ci cikina ya zauna lafiya, abincin kuma ya kama jikina?"

Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Na daɗe ina aikin jinya da sha'anin abinci a gidajen likita na jihar nan, kuma irin kukanka na cikin waɗanda na fi ji, musamman daga bakin masu sana'ar zama: teloli, 'yan tebur, direbobi, ma'aikatan ofis. Kusan dukkansu tambayarsu ɗaya ce, me zan daina ci. Kai ma ka bi wannan hanya, ka yi ta zubar da abinci ɗaya bayan ɗaya, har abin da ya rage maka ya zama fari fat: burodi, shinkafa, taliya. A ganina nan ne aka kuskure. Waken da nonon da ka kora suna cikin waɗanda za su taimake ka. Abin da ke bukatar gyara a wurinka shi ne lokacin da kake ci, da yadda kake ci, da yadda ake sarrafa abincin kafin ya iso akushi.

Amma bari in fara gabatar da abin da ba ya jira. In ka taɓa ganin bayan gidanka ya yi baƙi ƙirin kamar kwalta, ko ka yi aman jini, ko loma tana maƙale maka a ƙirji, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ciwo na tashin ka daga barci kullum, to ka ajiye wannan rubutu ka tafi likita yau. Ramar da ka ambata ma ban raina ta ba. Na fi zaton ƙarancin abin da kake ci ne ya kawo ta, amma zato ba awo ba ne, zan dawo kanta.

Narkewar abinci a baki take farawa. Jikin mutum na fitar da yawu da ya kai lita guda ko fiye a yini, kuma a cikinsa akwai wani sinadari da ke fara fasa garin hatsi ya mai da shi sukari tun kafin a haɗiye. Gwada da kanka: ɗauki gutsuren burodi ka yi ta taunawa ba ka haɗiye ba, za ka ji ya fara zaƙi. Wanda ke ci ƙafarsa na kan keke, idonsa na kan mai kayan da ke jira, ya tsallake wannan mataki ke nan. Yana tura wa tumbi aikin da haƙori ya kamata ya yi, kuma tare da kowace loma ta gaggawa yana haɗiyar iska. Rabin gyatsar da ke damun irinku wannan iskar ce take neman hanyar fita. Tuwo da miyar yauƙi, da muka saba haɗiye shi ba tauna, bai cika zama matsala ba, don an riga an niƙa an dafa shi ya yi laushi. Nama, wake, dambu, garin rogo, gyaɗa, ɗanyen ganye, su ne ke son haƙori. In haƙoran taunarka sun lalace ko sun zube, wannan ma wani ɓangare ne na ciwon cikin, a duba su. Na sha ganin dattijon da aka yi ta ba maganin ciki alhali bakinsa ne ke bukatar gyara.

Ka sauka daga keken, ka wanke hannu, ka zauna, ka ba abincin minti 20. Ba don ladabi kawai na faɗi haka ba. Saƙon ƙoshi yana ɗaukar kusan wannan lokaci kafin ya tashi daga ciki ya isa ƙwaƙwalwa, shi ya sa mai sauri kan wuce iyakarsa bai sani ba, sai daga baya ya ji numfashi na yi masa wuya.

Yanzu ga babban abin da na gani a tsarin yininka. Kana wuni da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, sai dare ya yi ka zuba wa ciki kayan yini guda, ka miƙe a shimfiɗa. A inda bututun abinci ya haɗu da tumbi akwai wata tsoka mai kama da bakin jakar zuge, aikinta ta bar abinci ya shiga ta hana ruwan tsami dawowa. Tumbi kuwa yana fitar da ruwa mai tsananin tsami, shi kansa yana da rufin majina da ke kare shi, amma bututun da ke samansa ba shi da wannan kariya. In tumbi ya cika maƙil, mutum kuma ya kwanta, ruwan nan sai ya tura bakin jakar ya hau sama. Wannan shi ne ƙwarnafin da ke ƙona maka ƙirji. Abinci mai nauyi na yin awa 3 zuwa 4 kafin tumbi ya sallame shi zuwa hanji, in mai ya yi yawa ya fi haka.

Gyaran ba ya cin ko dala. Ka mai da abincin rana ya zama shi ne babba. Tuwon dare a rage shi, a kuma ci shi da an sallame sallar magariba, kada a bari sai bayan isha'i da hira. Tafiyar da za ka yi da ƙafa zuwa masallaci don isha'i ka dawo, ita kanta tana taimaka wa ciki ya motsa. Tsakanin lomar ƙarshe da kwanciya a samu kamar awa 3. In kana da gado, sa bulo ƙarƙashin ƙafafunsa na wajen kai, ya ɗagu da santimita 15 zuwa 20. Tara matasan kai ba ya yin wannan aiki, lanƙwasa mutum yake yi ya ƙara matse cikin. Ka fara kwanciya ta hannun dama yadda aka koyar da mu, in ƙwarnafi ya taso cikin dare ka juya hagu, domin yadda tumbi yake a jiki, kwanciyar hagu na sa ruwan ya zauna ƙasa da bakin bututun. A sassauta mazagin wando bayan cin abinci, kai da ke wuni a duƙe kan keke. Ma'aunin da hadisi ya ba mu, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi, ban ga wani abu a ilimin likita da ya saɓa masa ba, kuma ga mai ƙwarnafi shi ne magani na farko.

Sai taurin bayan gida. Abinci in ya bar tumbi yana bin ƙaramin hanji, mai tsawon kusan mita 6, a nan jiki ke tsotse amfaninsa. Saura ya faɗa babban hanji, kamar mita ɗaya da rabi, inda ake janye ruwa daga gare shi. Abin da ke ba wannan saura jiki da laushi shi ne harzar abinci, wato ɓangaren tsiro da cikinmu ba ya iya narkarwa: dusar hatsi, ɓawon wake, zaren ganye, yauƙin kuɓewa. Harza na riƙe ruwa, tana kuma ciyar da ƙananan halittu masu amfani da ke zaune a babban hanji, waɗanda yawansu ya kai tiriliyoyi, su kuma suna fitar da abin da bangon hanjin ke rayuwa da shi. Farin burodi da farar shinkafa da taliya, duk an cire musu wannan tun a masana'anta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum na bukatar aƙalla giram 25 na harza a yini, da giram 400 na ganye da 'ya'yan itace. Abin da ka lissafa mini bai kama ƙafar wannan ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne mu a Adar, wato wannan yanki namu na Tawa, ba mu rasa ba. Hatsinmu ya fi farar shinkafa harza da ƙarfen gina jini nesa ba kusa ba, amma sai a surfe shi har ya yi fari tas, a kwashe dusar a ba ragon layya. Ragon ya yi ƙiba, maigida na nishi a masai. Ban ce a bar surfe ba, tuwon da ba a surfa ba ko kaɗan yana da gautsi, yara ba za su ci ba. A dai sassauta, a bar masa ɗan duhunsa. Miyar kuka, kuɓewa ɗanya ko busasshiya, lalo, yakuwa, rama, tafasa a damina, duk suna yin aikin da kake biyan mai jiƙe-jiƙe ya yi maka. A yawaita miyar, a rage girman malmalar. Kwaɗon zogale, wanda mutanen Yamai ke kira kopto, in aka haɗa shi da ƙuli-ƙuli da ɗan mai da tumatir, abinci ne cikakke, kuma wannan ɗan man ba ado ba ne: bitamin A da ke cikin ganye ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo. Lokacin sanyi kayan lambu na cika kasuwa da araha, kabeji, karas, salak, tumatir daga garaken Ƙonni da Madawa da kewaye. Magarya, goruba, kanya, gwaba, mangwaro a lokacinsa, dabino biyu ko uku, kowanne ya samu a ci. A kan albasa kawai zan ja maka kunne. Albasar Galmi abin alfaharinmu ce, amma ɗanyarta na kumbura cikin wasu mutane, tana kuma tayar da ƙwarnafi. Kai dai a dafa maka ita tukuna, har cikin ya daidaita.

Kada ka zuba duk wannan a rana ɗaya. Hanjin da ya shekara biyu bai ga harza ba, in aka cika shi da ita farat ɗaya zai kumbura fiye da da, ka ce na cuce ka. A ƙara kaɗan-kaɗan cikin sati biyu zuwa uku. Kuma harza ba ruwa kamar laka ce ba ruwa, ƙara toshewa take yi. A bazarar Tawa, watan Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, gumi kaɗai na kwashe litoci daga jikin mutum, babban hanji kuma ya rama ta hanyar tsotse ruwan bayan gida har ya bushe. Ajiye gora kusa da kekenka. Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne fitsari: in ya yi ja kamar shayi, ruwa bai isa ba, in ya yi fari-fari, ya isa. Maganar da ake yi cewa shan ruwa a tsakiyar abinci na kashe wutar ciki, ko ruwan sanyi na daskarar da mai a hanji, ba ta da tushe. Sha daidai, kada dai ka cika tumbin da ya riga ya cika. Lemun kwalba kuwa iska ce da sukari, ba na mai kumburin ciki ba ne.

Wake ya dawo gidanka. Gaskiya ne yana sa iska, domin akwai wasu nau'in sukari a cikinsa da ƙaramin hanji ba ya iya fasawa, sai halittun babban hanji su ci su, su saki iska. Amma waɗannan sukari suna fita cikin ruwa. A jiƙa wake tun dare, da safe a zubar da ruwan jiƙon, a ɗauraye, a dafa da sabon ruwa har ya yi luguf, wanda za ka murje tsakanin yatsu biyu. Fara da cokali uku ko huɗu a cikin shinkafarka, sau biyu ko uku a sati. Bayan 'yan makonni cikin na sabawa, iskar ta ragu. Ga talaka ba abin da ya kai wake gina jiki a kan kuɗinsa, kuma haɗa shi da hatsi ko shinkafa na cike giɓin da kowannensu ke da shi. Wanda ya bar wake, ya bar nono, nama kuma sai jefi-jefi, da me jikinsa zai ginu? Ramar ba abin mamaki ba ce.

Zancen wake ya kawo mu ga kanwa. Na san uwargida za ta ce ba ta dafa wake ba kanwa, kuma na san mutane da yawa na jiƙa ta su sha in ciki ya ɓaci. Ɗan ƙanƙane a tukunya ba zai kashe kowa ba, amma waken da ya kwana a ruwa ba ya bukatar ta sosai. Kanwa na lalata wasu bitamin a tukunya, musamman B1, kuma 'yar'uwar gishiri ce wajen hawan jini. A Zariya, tun shekarun 1970 likitoci suka lura cewa yawan kunun kanwa da ake ba masu jego na cikin abubuwan da ke haɗuwa su kawo musu ciwon zuciya bayan haihuwa. Shan ta don ƙwarnafi, ita da farar hodar bikarbonat, na kwantar da zafin na ɗan lokaci, sai ta haɗu da tsamin tumbi ta haifar da iska, kumburin ya ƙaru.

Nono ma haka. Manya da yawa ba sa jure ɗanyar madara ko ta gari, saboda sinadarin da ke narkar da sukarin madara yana raguwa a hanjinsu bayan yaye, sai ciki ya yi ta ƙugi, wani har zawo. Nonon da ya yi tsami daban ne, an riga an cinye wani kaso na wannan sukari wajen tsamin, shi ya sa wanda madara ke ɓata wa ciki sau da yawa yana shan kindirmo lafiya, yana cin cuku lafiya. Gwada ludayi biyu ka gani. Fura da nono, abincin da kakanninmu suka yi noma da fatauci da shi, ta fi shayi da burodi riƙe mutum da gina shi. Sharaɗi biyu ne: a tafasa madarar kafin a sa ta tsami, domin ɗanyar madara na iya ɗauko cutar da ke sa zazzaɓi mai daɗewa da ciwon gaɓoɓi, har da tarin fuka na shanu, sannan ruwa da ƙanƙarar da za a dama da su su zama masu tsabta. Sukari kuma a yi masa hankali.

Ka ce kana so abinci ya kama jikinka. Wannan ita ce tambayar da na fi so a cikin wasiƙarka, don mutane ƙalilan ne ke yin ta. Ba duk abin da ya shiga baki ke isa jini ba. A cikin hatsi da dawa da wake akwai wani sinadari da tsiro ke ajiye abincin ƙwayarsa da shi, masana na ce masa fitat. Shi wannan yana damƙe ƙarfen gina jini da zinki ya hana hanji ɗaukar su, su wuce su fita. Abubuwa uku ke kwance wannan damƙa: jiƙo, tsami, da tsiro. Duba ka gani, duka ukun iyayenmu mata na yin su tun ba a san sunan sinadarin ba. Gasarar koko da ta kwana ta yi tsami, ƙullun waina da aka bari ya tashi, hatsin da aka jiƙa kafin a kai niƙa, daddawar da aka rufe kwanaki kafin ta nuna, garin tsiron hatsi da ake ɗan barbaɗawa a kunun yaro ya tsinke ya sha da yawa. Yau gaggawa da injin niƙa sun sa ana tsallake jiƙon, dunƙulen ɗanɗano na kanti ya kori daddawa daga tukwane da yawa, ya kuma ƙara mana gishirin da bai kamata ya wuce giram 5 a yini ba, wato ƙaramin cokali guda. Ina roƙon matan gidanka su riƙe tsohuwar hanyar. Ba ci baya ba ne ko kaɗan.

Abu na biyu mai buɗe wa ƙarfe hanya shi ne bitamin C, in an ci shi tare da abincin a zama ɗaya. Matsa lemun tsami a kan wake ko kwaɗo bayan an sauke, yanka ɗanyen tumatir, ci gwaba ko lemun zaƙi bayan abinci, dama garin 'ya'yan kuka a kunu ko fura. Ɗan nama ko kifi, ko da busasshen kifin Tabalak ne aka marmasa a miya, shi ma yana ƙara yawan ƙarfen da jiki ke samu daga wake da ganyen da aka ci tare da shi.

Mai rufe hanyar kuma shi ne shayi. Na san inda na taɓa. A Tawa, daga fadar samari har rumfar dattawa, ba a sauke kwano ba a ɗora buta ba, kuma ni ma ina sha. Amma ɗacin nan na ganyen shayi, wanda ya fi ƙarfi a kofin farko da aka daɗe ana tafasawa, yana kama ƙarfen da ke cikin hatsi da wake da ganye ya hana shi shiga jini, kuma ragin ba ƙarami ba ne. Ba na ce ka bari ba, na ce ka jinkirta: a bar awa guda, in da hali biyu, tsakanin abinci da shayi. Wannan ya fi shafar mata masu ciki da masu shayarwa da 'yanmata, waɗanda ƙarancin jini ya fi kamawa, don haka ka isar da saƙon cikin gida. A wajenka akwai ƙarin dalili. Shayi mai ƙarfi a kan yunwa, kafe, goro, taba, har da na'ana'ar da ake jefawa a buta, duk suna iya tayar da ƙwarnafi, wasunsu ta hanyar sassauta bakin jakar nan da na faɗa maka. In kana shan taba, barin ta zai yi wa ƙirjinka abin da ƙwaya ba za ta yi ba.

Akwai yiwuwar wani ya riga ya ce maka olsa ce, yunwa ta kawo ta. Yunwa na tayar da zafin gyambon ciki in yana nan, barkono ma haka, amma ba su ke haƙa shi ba. Manyan dalilansa biyu ne. Na farko wata ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori, wadda ke iya rayuwa cikin tsamin tumbi. Likitoci biyu a Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ta a 1982. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya sha ruwan da ke ɗauke da ita a 1984, bangon tumbinsa na ciki ya kumbura, aka leƙa da na'ura aka gani, kuma a 2005 aka ba su kyautar Nobel. Kusan rabin mutanen duniya na ɗauke da ita, akasari tun yarinta, yawancinsu ba ta dame su ba. Ga wanda ta dama, ana gano ta da awo, ana kashe ta da haɗin magunguna na kwana 10 zuwa 14 da likita zai rubuta, a sha su duka ba tsallake. Na biyu kuma, nan nake so ka tsaya ka yi tunani: ƙwayoyin ciwon jiki irin su diklofenak, ibuprofen da aspirin. Tela ba ya rabuwa da ciwon baya da na wuya, masu tallar magani kuma na zagaya kasuwa da su a faranti, ana haɗa wa mutum uku-huɗu a ƙulla a leda a ce na gajiya ne. Waɗannan ƙwayoyi na cinye rufin da ke kare tumbi. Na karɓi mutane da aman jini waɗanda ba abin da ya kai su sai wannan ƙulli. In kana shan su, ka tsaya, ka faɗa wa likita. Madarar da ake sha don kwantar da olsa ma sanyinta na ɗan lokaci ne, bayan haka tumbi na ƙara fitar da tsami.

Game da basir, mu Hausawa mun ɗora masa kaya da yawa: kumburi basir, kasala basir, ciwon baya basir, raunin namiji basir. A likitance basir jijiyoyin jini ne na bakin dubura da suka kumbura, kuma yawan nishi da daɗewa a tsugune ne ke jawo shi. Ke nan taurin bayan gida ne uba, basir ɗa. Yawancin jiƙe-jiƙen da ake sayarwa da sunansa masu sa zawo ne, irin filasko da danginsa. Mutum ya sha, cikin ya zube, ya ji sakayau, ya ce magani ya yi. Bayan kwana biyu ko uku ba abin da ya fito, tunda an share hanjin, sai ya ce ciwo ya dawo, ya sake sha. Haka ake shekara biyu. Ka sani ba dole ne kowa ya fita kullum ba, daga sau uku a yini zuwa sau uku a sati duk lafiya ne, muddin da laushi kuma ba nishi. Hanji ya fi motsi bayan abincin safe, don haka ka karya da abu mai ɗumi mai jiki, koko da ƙosai biyu ko ɗumamen tuwo, ka ba kanka minti goma kafin ka fita. In ya matsa maka a kasuwa kada ka danne don kunya ko don aiki, dannewar ce ke busar da shi. Tsugunon da muka saba ya fi zaman kujerar masai sauƙaƙa fita. Kowace awa ka tashi daga keken ka ɗan taka, ko zuwa bakin layi ne ka dawo.

Tsabta ba sai na tsawaita ba: sabulu kafin ci da bayan masai, ruwan wanke hannu a zuba wa kowa nasa kada a haɗu a kwano ɗaya, salak a wanke shi sosai, abincin da ya kwana a tafasa shi har ya yi tururi, gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna a zubar, don gubarta hanta take ci. Soye-soyen da man ya yi baƙi don maimaici a rage su. Damuwa ma na sauka a ciki, kai ka fi ni sanin yadda cikin tela ke yi a goman ƙarshe na azumi in kayan sallah sun taru.

Ga abin da nake so ka yi a wannan satin. Je gidan likita mafi kusa da kai, a auna nauyinka a rubuta, a duba ƙarfin jininka, a duba bayan gida ko akwai tsutsa ko wata cuta, domin tsutsar ciki ma na kumbura ciki ta ci abincin mutum, kuma maganinta ba shi da tsada. Ka tafi da duk ƙwayoyi da ƙulle-ƙullen da kake sha a leda, kada ka ɓoye ko ɗaya. Daga nan ka riƙe tsarin nan sati huɗu: karin safe mai jiki, babban abinci da rana a zaune, wake kaɗan-kaɗan, miya mai ganye, tuwon dare da wuri, shayi bayan awa guda. Ka sami ɗan littafi, bayan wanda kake rubuta awon mutane ma ya isa, ka riƙa rubuta abin da ka ci da yadda ka kwana, don mu gane abin da ke tayar maka da shi kai kanka, tunda cikin kowa da halinsa. In sati huɗu sun cika nauyin ya ci gaba da sauka, ko ƙwarnafin bai lafa ba, to lokacin awon ƙwayar cutar nan ya yi, wataƙila har a tura ka a leƙa tumbin da na'ura. Ka zo da littafin ranar da za ka dawo.